Idan layi ya cika a Kano, ta yaya kira ke tsallakawa Legas?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Cibiyar karɓar kira ce mai rassa biyu, Kano da Legas. Idan masu jira suka yi yawa a Kano, me ke yanke hukuncin tura kira Legas? Kuma me ya sa wanda aka tura wani lokacin ya fi daɗewa a layi?

Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Na'urar raba kira, wato ACD, ita ke yankewa. Hanya mafi sauƙi agogo ce: kira ya yi, a ce, daƙiƙa 30 yana jira, sai a cilla shi Legas. Makauniyar hanya ce, Malam, don ba ta san ko can ma a cike yake ba. Mai kira ya rasa gurbinsa a Kano, ya koma ƙarshen layin Legas.

Abin da Avaya, kamfanin da ke ƙera na'urorin cibiyar kira, ke kira Look-Ahead Interflow ya fi: Kano ta fara neman izini, Legas ta karɓa ko ta ƙi. In ta ƙi, kiran na nan a gurbinsa. Best Service Routing kuma, wani tsarin na Avaya, yana kwatanta hasashen jira na kowane reshe, ya tura kira inda jira ya fi gajarta. Amma ka ɗora wa hasashen reshen nesa ƙari, kamar daƙiƙa 20, kada a riƙa tura kira don ribar daƙiƙa biyu.

Injiniya Hajiya:
A duba layukan waya ma. Kiran da ya shigo Kano ya sake fita Legas ta waya ɗaya, layi biyu yake ci. E1, wato babbar wayar da ta haɗa cibiya da kamfanin sadarwa, layin magana 30 gare shi, ka ga kira 15 sun cinye shi, sababbin masu kira su ji an toshe. Maganinsa SIP REFER ko amsar 302, wato saƙonnin da na'ura ke aikawa don kamfanin sadarwa ya karkata kiran da kansa, Kano ta saki layinta. Ba kowane kamfani ke amincewa ba, a gwada tukuna. In ta intanet ɗinku za a bi, tsarin aika murya na G.711 na cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa a kowane kira, na G.729 kusan 31. Jinkirin murya kada ya wuce milisakan 150.

Mai Waya:
Haka ne, Hajiya. Na manta da zagaye: Kano ta tura, Legas ta maido, kira ya yi ta yawo. A sa wa kiran da aka tura alama, kada a sake tura shi. Kuma wanda ya danna Hausa a zaɓin harshe, a haɗa shi da mai jin Hausa kawai, ko da zai ƙara jira a Kano.