Wai iyayenmu ba su yi rigakafi ba, kuma sun fi mu lafiya?

Kawu Bala: Masu ɗigon shan inna sun sake zuwa jiya, na ce su ƙara gaba. Iyayenmu ba su san wata rigakafi ba, ga su nan sun haura tamanin suna zuwa gona.

Hajara: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, waɗanda ka gani su ne suka tsira. Ka tambayi Inna: sha ɗaya ta haifa, biyar suka girma. Biyu ƙyanda ce ta kwashe su a bazara ɗaya.

Malam Sani: Kuma Alhaji, naɗe hannun rigarka ka duba damtsenka. Lambar nan ta agana ce. Yau wane yaro ya san agana? Tun 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya.

Kawu Bala: Lokacin akwai amana. Kun manta 1996? Ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana na Kano. Cikin yara ɗari biyu da aka sa a gwajin, 11 suka rasu.

Usman: Nan kam ina bayan Kawu. Ka kai yaro asibiti jiki rau da zazzaɓi, kati kuɗi, magani kuɗi. Amma ɗigo kyauta har ƙofar gida, da alli ana zana maka bango. Dole mutum ya yi tunani.

Hajara: Yaya Usman, ƙorafinka gaskiya ne, kuma abin da aka yi a 1996 zalunci ne. Sai dai Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake ba marar lafiya. Da Kano ta dakatar da ɗigo a 2003 kan zargin yana hana haihuwa, wa ya ji a jikinsa? Sai a Yulin 2004 aka dawo da shi, da wanda aka yo daga Indonesiya, amma cutar ta riga ta bazu har Sudan, daga baya ta kai Yaman da Indonesiyar. Yaran da aka ɗiga wa daga baya, ba sunan 'ya'yansu muke ci yanzu ba?

Usman: To ba a ce Afirka ta rabu da shan inna a 2020 ba? Me suke nema kuma?

Hajara: Ta asali ce ta ƙare. Ƙwayar da ke cikin ɗigon an raunana ta, tana fita a bayan gida. Inda yara da yawa ba su karɓa ba, sai ta yi ta yawo a tsakaninsu har ta sake ƙarfi ta shanye ƙafa.

Kawu Bala: Madalla! Da bakinki kika ce daga ɗigon take fitowa.

Hajara: Yaran da aka hana take kamawa, Kawu. Kamar su Walid.

Kawu Bala: Kar ki yi wa jikana baki. An kira Magariba, sai mun haɗu gidan suna jibi.