Ƙashi ya kama, zogi bai tafi ba: ko gashin leza na taimakawa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nike nema. Wata takwas ke nan da kabu-kabu ya kada ni, ƙashin ƙasan gwiwar hagu ya karye. Anka yi ɗori, ƙashi ya kama, har ina takawa ba sanda. Amma bayan ƙafar, daga idon sawu zuwa babban yatsa, wuta ce. Wani sa'in kamar an jona mini wayar lantarki, wani sa'in kamar tururuwa na yawo cikin fata. Da dare ko mayafi ya taɓa wurin sai na farka, ruwan alwalar asuba kuwa sai na cije. Na sha diclofenac har cikina ya fara ciwo, ba abin da ya ragu. Wani abokin aikina ya ce ana gashi da hasken leza, jijiya ta lafa. Akwai wanda ya taɓa yi?

Hajiya ta Arkilla: Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Ni an yi mini, a wuyan hannu, bayan na zame a makewayi na karye. Lokacin ina Kano wurin ɗiyata. Sau 12 na je, uku a mako. Wani abu ne kamar alƙalami mai kauri, a ɗora bisa wurin, a ɗaga, a matsa gaba, duka bai fi minti goma ba. Ba zafi, ko ɗumi ban ji ba, sai baƙin tabarau da suke sa mini. Wajen zuwa na shida na fara barci sosai. Amma tsakani da Allah, lokacin ina shan ƙwayar da likita ya rubuta mini ta dare, kuma suna sa ni motsa yatsu kullum. Zogin ya ragu ƙwarai, bai ɓace ba. Da hunturu har yau yana taɓa ni.

Tela, Tsohuwar Kasuwa: Ni dai kuɗina sunka tafi a banza. Na ga talla a Facebook, na aika kuɗi anka kawo mini wata fitila ja, wai leza ce. Wata biyu ina haska ƙugu, ɗumi kawai take yi. Har yanzu abin na ci mini rai, don kuɗin cefanen gida na taɓa.

Mai Gashi: Yaya Tela, abin da anka sayar maka fitilar ɗumama jiki ce, irinta muna amfani da ita don sassauta tsoka, amma ita da leza hanya daban. Bari in ɗan yi bayani tunda aikina ne, ni likitan gashi ne.

Lezar da Hajiya ta faɗa mai ƙaramin ƙarfi ce, ba wadda likitocin ido ke aiki da ita ba, ba ta yanka ba ta ƙuna. Wani likita ɗan ƙasar Hangare, Endre Mester, shi ya fara lura da tasirinta a 1967 a Budapest: ya aske bayan ɓeraye ya haska musu, sai gashin waɗanda anka haska ya riga na sauran tsirowa. Hasken ja ne ko wanda ke gaba da ja kaɗan da ido bai gani, tsawon zangonsa tsakanin nanomita 600 zuwa 1000. Abin da masana ke bayani shi ne, hasken na ratsa fata ya kai ga ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar mata da kuzari, sai kumburi ya ragu, gyara ya ɗan yi sauri. A dabbobi an ga haka sosai. A mutane masu ciwon jijiya binciken da anka yi yawancinsu na mutane kaɗan ne, kuma sakamakon ya rabu, wasu sun samu sauƙi wasu ba su samu ba. Shi ya sa ni ƙari nike ɗaukarta bisa sauran magani. Duk wanda ya ce maka zuwa uku jijiya za ta koma sabuwa, riƙe kuɗinka.

Ɗan Mabera, wata tambaya, kuma ta fi mini zancen leza muhimmanci: kana iya ɗaga yatsun ƙafar sama, diddige na ƙasa? Silifa na zame maka in kana tafiya?

Ɗan Mabera: Awo Likita, tana zamewa. Yatsun na ɗagawa amma ba kamar na dama ba, kuma ina yawan tuntuɓe. Na ɗauka rashin ƙarfi ne don na daɗe kwance.

Mai Gashi: To ƙanena, kada ka ƙara mako ba a duba ka ba. Akwai jijiyar da ke zagayowa ta gefen gwiwa na waje, daidai kan siririn ƙashin ƙwauri, fata kawai ta rufe ta. Ita ke ɗaga ƙafa, ita ke ba bayan ƙafa ji. Karaya na iya taɓa ta, ɗaurin kara da ya matse da yawa shi ma yana iya danne ta. In ta fara tohowa, kamar milimita ɗaya take yi a rana, daga gwiwa zuwa yatsu kuwa ya kai santimita 40, ka ga lissafin ya haura shekara. Amma tsokar da ta zauna ba jijiya wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, farfaɗo da ita na wuya. Kai ka ci wata takwas. In wani abu ke danne ta, ko ta tsinke bakinta ya dunƙule, haske bai cire wannan, aikin likitan tiyata ne. Ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) nan Sakkwato ko asibitin ƙashi na Wamakko, likitan ƙashi ya gan ka, ka yi mashi zancen gwajin gudun saƙo cikin jijiya. Su auna sukari kuma, don ciwon sukari na hana jijiya warkewa.

Mai Kemis, Runjin Sambo: Don Allah ka aje diclofenac ɗin nan. Ciwon jijiya bai cika jin shi ba, kuma yana cin ciki yana wahal da ƙoda, balle da zafin garinmu da mutum ke yini yana zufa. Waɗanda likitoci ke rubutawa su ne irin amitriptyline, gabapentin, pregabalin ko duloxetine. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, sai an yi makonni ake gane aikinsu, suna sa jiri da barci, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Kada ka sayo da kanka. Tramadol kuwa ina roƙonka ka nisance shi, samari nawa na gani da sunka fara shi don karaya, ƙashi ya warke su ba su iya bari ba.

Gwaggo ta Gidan Igwai: Ɗana, kuma kada ka bari a yi maka ƙaho ko tsaga a wurin da ba ka ji sosai. Maƙwabcinmu garwashi ya kara wa ƙafa don zogi, ya ƙone bai sani ba, gyambon ya fi wata uku.

Ɗan Mabera: Na gode Gwaggo. Likita, in sun duba sun ce ba sai an yi aiki ba, in gwada lezar?

Mai Gashi: Ka gwada, haɗe da motsa jiki da koya wa fatar jure taɓi, a fara da auduga a kai ga tawul. Sharaɗi dai, mai yin ya zama likitan gashi mai rajista da MRTB, hukumar da ke kula da likitocin gashi a Najeriya, kuma ku duka ku sa tabarau don hasken na lahanta ido. Ba a haska shi bisa ciwon daji, ko cikin mai juna biyu, ko maƙogwaro. Kullum da dare ka rubuta zogin daga 0 zuwa 10. In kun yi zuwa takwas ko goma lambar ba ta motsa ba, ku zauna ku sake shawara, kada ka ci gaba da biya.

Hajiya ta Arkilla: Ka tafi da hoton ƙashin da anka ɗauka tun farko in yana nan, da kwalayen duk abin da ka sha. Kuma ka yi sammako, layin kati na da tsawo.

Ɗan Mabera: Hoton na nan cikin akwati. Litinin in sha Allahu zan je.

Tela, Tsohuwar Kasuwa: Kada ka hau kabu-kabu da ƙafar nan. Ƙanena na da Keke, zan ce ya biyo Mabera ya ɗauke ka bayan asuba. Ni ma zan bi ku a duba mini ƙugun nan.