Tiraka, gas da maganar "rara"

Mai DAF: Salam jama'a, wlh yau raina a ɓace yake. Na dawo daga Legas manaja ya kira ni ofis ya juyo min kwamfuta, wai na'urar da suka saka a tanki ta nuna gas ya sauka lita 60 tsakanin Jebba da Mokwa kuma tiraka, na'urar da ke bin diddigin mota, ta nuna na tsaya awa biyu. Eh na tsaya, gosulo ne inji na aiki, ga ramuka mai sai kaɗawa yake a tanki, amma ko saurarata bai yi ba ya cire a albashina. Na'urar nan ƙarya take yi, tunda aka kawo ta ko 'yar rarar da direba ke samu babu.

Baban Ummi: Rara? Man da mai mota ya saya da kuɗinsa ka zuƙe da tiyo ka kai wa 'yan bumburutu shi ne rara? Sunansa sata Malam.

Ɗan Union: Kai a'a, ka iya bakinka. Tun muna yaran mota ake auna wa direba gas na zuwa da dawowa, in ya lallaɓa mota bai taka wuta ba abin da ya rage nasa ne, masu motocin sun sani sarai. Ita ce rara, guminsa ne.

Baban Ummi: In nasa ne me ya sa sai dare ya yi ake sauke jarka a bayan mota?

Bakanike: Ku tsaya. Kaɗawar mai a rami tana sa layin da ke nuna yawan mai a kwamfuta ya yi sama da ƙasa ne sannan ya dawo daidai, in an zuƙe kuwa zai faɗi lokaci ɗaya ya zauna a nan. Tirela a tsaye inji na aiki 'yan litoci take sha a awa, ba 30 ba. Amma sansan, wato abin auna man da ke cikin tanki, yana kuskure in ba a gwada shi da girman tankin ba lokacin sakawa. Mai DAF ka ce su buga maka takardar.

Ɗan Union: Wanda ke zaune a AC ai ba zai gane ba. Ka taɓa kwana a hanyar Birnin Gwari? Kuɗin hanyar da ake bayarwa ko shingaye ba ya isa, tayar da ta fashe fa, abincin yaron mota fa?

Baban Ummi: Shekara 11 na ja tanka kafin na shiga ofis, kar ka koya min hanya. In kuɗin hanya ya yi kaɗan ku je union ta yi magana, ai kullum kuna yankar tikiti.

Autan Direbobi: Gsky duk cire tallafin nan na Tinubu a 2023 ne ya jawo, shi ya sa ogogi suka zuba ido a tanki.

Bakanike: Na fetur aka cire ƙanena, gas dama babu tallafi a kansa tuntuni.

Autan Direbobi: To ai komai ya tashi tare Yaya, ko ba haka ba?

Alhaji Mai Motoci: Ni motata da aka ƙwace tiraka ce ta nuna inda take, daga waya aka kashe injin. Haka kuka yi ta surutu da Road Safety suka tilasta na'urar rage gudu a 2017. Amana ce, in ba a yi yarjejeniyar rara ba haram ne.

Ɗan Union: Alhaji albashin da ake riƙe wa direba wata biyu fa, shi halal ne?

Admin: Toh ya isa haka. Abin da na fahimta, yawanci sun yarda rara haƙƙin direba ce tun asali, shi kansa Bakanike ya ce na'ura tana kuskure, kuma masu motoci ba su amsa maganar albashi ba. Baban Ummi ka janye kalmar sata dan Allah.

Baban Ummi: Wane yawanci? Ban janye ba.

Mai DAF: Bakanike wace takarda zan ce su buga min? Gobe da safe zan koma ofis ɗin.