Sha'awa ta yi ƙasa, wane maganin gargajiya ne ke aiki da gaske?

Abu_Hanif:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema kan abin da na kasa faɗa wa ko aminina. Shekaruna 43, ina da iyali, amma 'yan watannin nan sha'awar ta tafi gaba ɗaya. Ba ƙarfi ne babu ba fa, zuciyar ce ba ta ko nema, ina kwanciya sai in juya baya barci ya kwashe ni, kuma na ga alamar abin ya fara damun uwargida duk da ba ta ce uffan ba. Ina shan maganin hawan jini. Wani ya ce in sha hulba, wani ya ce ginsen, wani kuma ya kawo min wata zuma a leda wai ta maza ce zalla. Wanne ne na gaskiya a ciki?

Ɗan_Famasi:
Wa'alaikumus salam yaya. Maganar hawan jinin nan da ka faɗa a gurguje ita ta fi tsaya min a rai. Akwai magungunan hawan jini da aka san suna rage sha'awa ko ƙarfi, irin su atenolol da propranolol da wasu masu sa fitsari, haka ma magungunan damuwa kamar fluoxetine, sai tramadol da ke sauke sinadarin maza na testosteron in an daɗe ana sha. Kar ka daina naka da kanka wallahi, koma wa likitan da ya rubuta maka ka gaya masa ƙiri-ƙiri, sau da yawa canza shi kawai ake yi. Ka roƙi a duba maka suga da sinadarin maƙoshi (tayiroid) da testosteron, shi wannan da safe ake ɗibar jininsa don lokacin ya fi yawa.

Ita kuma zumar, ajiye ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sha gwada irin waɗannan zumar da kofi na maza ta tarar da sildenafil a ɓoye a ciki, wato sinadarin Viagra, ba a rubuta a jiki ba kuma ba ka san nawa aka zuba ba. Mai shan maganin zuciya na naitiret in ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa warwas. Kuma ma sildenafil ɗin jini yake turawa gaba, ba ya dawo da sha'awa, toh ka ga ba matsalarka yake magancewa ba. Ɓawon itacen yohimbe ma ka guje shi, yana hawar da jini ya sa bugun zuciya.

Mai_Saiwa:
Ɗan_Famasi ban ƙi taka ba amma kar a kushe itatuwa duka. Jan ginsen na Koriya an yi bincike a kansa an ga yana ɗan taimaka wa ƙarfin gaba, saiwar da ake kira maka ta ƙasar Peru da hulba da za'afaran su ma akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan amfani wajen sha'awa. Ni hulba nake jiƙawa kuma na ji canji, sai dai a hankali yake zuwa, makonni ake yi, kuma zufarka za ta riƙa warinta. Duk maganin da aka ce na itace ne kuma ya yi aiki cikin rabin awa, ni ina zarginsa.

Ɗan_Famasi:
Gaskiya ne malam, ƙanana ne binciken shi ya sa ba a yi musu alƙawari. Kuma hulba na sauke suga, mai shan maganin suga ya kiyaye, mai ciki kuma ta bar ta. Ginsen ba ya jituwa da warfarin, maganin hana jini daskarewa. Saiwar ashwaganda da ake ta talla yanzu an samu waɗanda ta taɓa wa hanta, Denmak ma ta hana sayar da ita a 2023. In za a gwada a ɗauki ɗaya tak bayan an tambayi likita, kar a haɗa biyar a kofi ɗaya.

Ummu_Khadija:
Ɗan uwa ni wajen matar taka zan tsaya. Shirun nan nata ba rashin damuwa ba ne, tana can tana tunanin ko ita ce ta gundure ka ko kuma wata ce a waje, mu mata haka zuciyarmu ke saƙa mana. Zaunar da ita ka ce mata jikinka ne kuma kana neman magani, za ka ga rabin nauyin ya sauka. Sannan awa nawa kake barci? Gajiya da tunanin bashi da kwana kan waya suna kashe sha'awa fiye da yadda maza ke yarda. Mu ma yana samunmu lokacin shayarwa, sinadarin da ke kawo nono ne ke danne ta, in an yaye sai ta dawo.

Abu_Hanif:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin yanzu, atenolol ne kuwa, kuma in na tuna daidai bayan fara shi abin ya soma. Barcina ma bai kai awa 6 ba. Yau zan yi magana da ita. Ɗan_Famasi, gwajin jinin sai na je da azumi ko zan iya karyawa tukuna?

Ɗan_Famasi:
Je ka ba ka ci komai ba, kafin ƙarfe 10 na safe, ruwa kawai za ka sha, sai a haɗa da na sugan gaba ɗaya. Atenolol ɗin kuma ci gaba da sha har ka ga likita, yanke shi farat ɗaya na da haɗari ga zuciya. Tafi da ledar zumar ma ya gani.