Ginin manhaja yana mutuwa da lamba 137: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama. Manhajar tana haɗuwa lafiya lau a kwamfutata, amma da na tura kod, injin da ke ginawa da kansa ya ɗauka, sai ya kai rabi ya tsaya cak. Babu bayani sai "Killed" da lamba 137. Wani lokacin in na sake kunnawa sai ya wuce, wannan ma ya fi ba ni haushi.

Tsohon hannu: Wa'alaikumussalam ƙanena. 137 ɗin nan 128 ne a tara da 9, ita kuma 9 lambar SIGKILL ce, umarnin kashe manhaja nan take. Wato ba faɗuwa manhajar ta yi ba, kashe ta aka yi, shi ya sa ba ta bar wasiyya ba. Galibi Linux ne da kansa: memori ya ƙare, sai ya zaɓi mai cin da yawa ya yanke. In kana da ikon shiga sabar, buga `dmesg` ka nemi layin da ke cewa "Killed process". In a Docker ne, wato a cikin kwantena, keɓaɓɓen akwatin da ake gudanar da manhaja a ciki, `docker inspect` zai nuna maka OOMKilled, alamar kisa saboda ƙarewar memori, yana kan true.

Ga wautar da na taɓa yi. Ina ganin 137 na garzaya na mayar da `--max-old-space-size`, iyakar memorin Node mai gudanar da JavaScript, zuwa 8192, wato 8GB, alhali kwantenar 4GB kawai aka yanka mata. Na ba Node izinin cin abin da babu, mutuwar ta ci gaba. Wannan maganin na wanda ya ga "JavaScript heap out of memory" ne, inda Node ya kai iyakar da aka sa masa ya yi kuka da bakinsa. Ciwo biyu ne daban.

'Yar gwaje-gwaje: Yaya ya faɗi gaskiya, amma zancen wucewa yau, faɗuwa gobe ya tuna mini da nawa. Jest, manhajar gwada kod, ne yake ƙirga kawunan firosesa na babbar sabar, ba rabon da aka ba kwantenarmu ba, sai ya buɗe ma'aikata rututu, kowanne da nasa memorin. In gwaje-gwaje masu nauyi suka haɗu lokaci guda sai a mutu, in suka saɓa sai a tsira. Na sa `--maxWorkers=2`, shi ke nan. Abin mamaki, ginin bai ma ƙara wani jinkirin kirki ba.

Mai C++: Haka nan wajenmu. `make -j`, mai gudanar da ayyukan gini da yawa lokaci guda, ba tare da lamba ba, ba shi da birki ko kaɗan. Saƙon da muke gani shi ne an kashe cc1plus, wato kwamfailan da ke fassara kod ɗin C++. Sati guda muna zargin kwamfaila.

Injiniyan Android: Malam, in da Gradle kake gini, kada ka dubi `-Xmx` ɗaya, wato iyakar memorin da ake sa wa Java, ka ce ka gama lissafi. Gradle yana da nasa JVM, wato injin gudanar da Java, Kotlin yana buɗe nasa, gwaje-gwaje ma a wani suke gudana. Kuma `-Xmx` ba duka abin da Java ke ci ba ne, akwai Metaspace da sauran tarkace a gefe. Ni sai da na rage `org.gradle.jvmargs` kafin ginin ya zauna, ba ƙarawa ba. Masu tsohon Java 8, kafin 8u191, su sani bai san iyakar kwantena ba, memorin sabar gaba ɗaya yake hange.

Mai shakka: Ku dai bi a hankali, ba kowace 137 ce ƙarewar memori ba. Na taɓa ganin wadda wa'adin aikin ne ya cika aka kashe shi da ƙarfi. A duba OOMKilled tukuna kafin a sayi babban inji.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na duba, OOMKilled true ne. Na sa `/usr/bin/time -v` a gaban kowane mataki na karanta "Maximum resident set size", wato ƙololuwar memorin da aka ci. Haɗa kod ɗin bai kai 2GB ba, a wajen gwaji ake mutuwa. 'Yar'uwa, naki ne ya kama ni: na mayar da ma'aikatan biyu, gini biyar a jere sun wuce.