Harajin gida: wa ke karɓa, ina kuɗin ke tafiya?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan uwa. A bara takardun biyan kuɗi biyu suka iske ni a kan gida ɗaya da muka gada, ɗaya daga jiha, ɗaya daga ƙaramar hukuma, har na ɗauka kuskure aka yi. Da na bincika sai aka fahimtar da ni cewa ta jihar kuɗin fili ne da mai takardar mallaka ke biya duk shekara, tunda dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta ƙaramar hukumar kuwa harajin ginin ne. Na biya duka biyun, amma har yau mu mazauna layin ne muke karo-karo mu yashe kwata idan damina ta gabato. Ina roƙon wanda ya san yadda abin yake a wurinsu ya ba mu labari.

Tsohon ma'aikacin tara kuɗin shiga: Wa alaikumus salam. Malam, ba a zalunce ka ta fuskar doka ba, domin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin kimanta gidaje don karɓar haraji, gwargwadon abin da majalisar dokokin jiha ta tsayar. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiwatarwa. A inda na yi aiki rajistar gidajen ta tsufa ƙwarai, unguwanni sukutum sun tashi ba su shiga cikinta ba, saboda haka otal-otal da gidajen mai da shaguna kawai muke bi, mu ƙyale gidajen cikin gari. Idan ma muka shiga lungu, dattawa kan tuna mana cewa gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a Kano da Kaduna tun farkon jamhuriya ta biyu, kuma da wuya su yarda cewa wancan harajin kai ne, wannan na gini. A ganina babban dalilin sakacin shi ne kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya da ake raba wa ƙananan hukumomi 774 duk wata. Shugaban da kuɗi ke zuwar masa daga Abuja ba zai so ya ɓata da masu zaɓensa a kan harajin gida ba.

Wata hajiya mazauniyar Legas: Mu a nan takarda ɗaya ce ke zuwa, domin tun 2001 aka haɗe kuɗin fili da harajin gini da kuɗin gyaran unguwa wuri guda, jiha ta karɓa sannan ta ba ƙananan hukumomi rabonsu. Hakan ya rage mana yawan masu buga ƙofa, sai dai ni mai biya ba na iya cewa ga abin da ya dawo unguwarmu.

Wani ɗan uwa daga Ingila: Hajiya, sanin inda kuɗin ke tafiya ne abin da ya fi burge ni a nan. An kasa gidaje rukuni takwas bisa darajarsu ta shekarar 1991, kuma mazaunin gida ne ke biya ko da ɗan haya ne, tare da rangwamen kashi 25 cikin ɗari ga wanda ke zaune shi kaɗai. Takardar da ke zuwa mini duk shekara tana fayyace nawa ne na ƙaramar hukuma, nawa ne na 'yan sanda, nawa ne na 'yan kwana-kwana. Kuɗin yana da nauyi, kuma kimar 1991 ta daɗe da barin gaskiyar kasuwa, amma na san inda kowane fam ya nufa.

Mai buɗe zance: Na gode muku ƙwarai. Yallabai, tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, shin kana ganin hakan zai sa su sabunta rajistar gidajen, ko kuwa zai ƙara musu dogaro ne da kuɗin Abuja?