Libero: me za mu kira wannan gurbin da Hausa?

'Yan'uwa masu sharhin ƙwallo, akwai gurbin da har yau muke kame-kame wajen kiransa, wato libero, kalmar Italiyanci mai nufin sakakke, wanda a Ingila suke cewa suwifa, ma'ana mai shara. Ɗan baya ne da ba a haɗa shi da kowane ɗan gaba ba. Yana tsayawa bayan sauran 'yan baya, duk ƙwallon da ta kuɓuce musu shi ke tarbe ta.

Mai son ganin aikin da idonsa ya nemi wasannin Traianos Dellas na Girka a gasar Turai ta 2004. Kocin Girka Otto Rehhagel ya ba sauran 'yan baya kowa mutuminsa. A wasan kusa da na ƙarshe da Czech, Kapsis ya manne wa Koller, Seitaridis yana bin Baroš ƙafa da ƙafa, Dellas kuwa nasa shi ne lura da inda ɓaraka za ta ɓullo ya toshe. Faransa, Czech, Portugal, babu wadda ta zura musu ko ɗaya a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. A wasan Czech ɗin, Dellas ne ma ya sa kai a kwanar Tsiartas cikin ƙarin lokaci, ya kai su wasan ƙarshe. 

To, sunan fa? Wasu sun ce mai shara, amma kunnen Bahaushe tsintsiya zai ji. A filayen unguwa lamba biyar ake cewa, kuma biyar ɗin Dellas ya goya, sai dai yanzu kowane ɗan tsakiyar baya yana iya goya ta. Sakakken ɗan baya ya bi ma'anar Italiyanci, amma sakakke a wurinmu ya fi kusa da sakaci, alhali wannan gurbin natsuwa yake so.

Ni dai na tsaya a kan mai rufa baya. Mun saba cewa wane ya rufa wa wane baya, wato ya tsaya masa, kuma aikin ke nan. Yana zama daidai a bakin mai sharhi: “An wuce Kapsis, amma ga mai rufa baya ya kwashe ta!” Malamai masu aikin rediyo, ku gwada ta a wasan wannan makon mu ji yadda za ta faɗa a kunne.